Ba da Bayanan Ƙarya Wajen Neman Katin Shiga Tashar Jiragen Ruwa a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara jan tirela ko aikin lodi a Houston, Newark, Baltimore ko Savannah, ba a jimawa wani zai ce masa, "Ka yi TWIC kuwa?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fi maimaitawa kan wannan kati, musamman masu wani abu a tarihinsu ko a takardunsu da suke fargabar a gani.

1. Mene ne katin TWIC, kuma wa ke buƙatarsa?

Kati ne na shaida da gwamnatin tarayyar Amurka ke bai wa ma'aikacin da zai shiga keɓaɓɓen ɓangaren tashar jiragen ruwa ba tare da ɗan rakiya ba. Asalinsa dokar tsaron sufurin ruwa ce ta 2002, wadda majalisa ta yi bayan harin 11 ga Satumba 2001. An fara rajista a Wilmington ta jihar Delaware a watan Oktoba 2007, kuma daga 15 ga Afrilu 2009 ya zama wajibi a faɗin ƙasar. Hukumar tsaron sufuri ta tarayya, wato TSA, ce ke bincike ta ba da katin, rundunar tsaron gaɓar teku kuma ita ke tabbatar da ana bin dokarsa a tashoshi.

Direban tirela mai ɗauko kwantena, mai lodi da sauke kaya, matuƙi da ma'aikacin jirgin ruwa, makanike, mai gadi, duk suna cikin masu buƙata. Yana aiki shekara 5, kuɗinsa wajen dala 125 ne, kuma akwai zanen yatsun mai shi a cikin ɗan ƙarfen da ke jikinsa.

2. Me ake tambaya a takardar neman katin?

Cikakken suna da duk sunan da ka taɓa amfani da shi, ranar haihuwa, gari da ƙasar haihuwa, adireshi, matsayin zamanka a Amurka, da wurin aiki. Sannan sai tambayoyin "eh" ko "a'a": ko an taɓa samunka da ɗaya daga cikin manyan laifuffukan da aka lissafa, ko ana nemanka ko ana tuhumarka da ɗayansu yanzu, ko kotu ta taɓa yanke cewa ba ka da cikakken hankali ko ta sa a kwantar da kai a asibitin ƙwaƙwalwa ba da son ranka ba. A cibiyar rajista ake ɗaukar hotonka da zanen yatsunka.

A ƙarshe akwai jimlar da yawancin mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba. Tana cewa abin da ka bayar gaskiya ne kuma cikakke iya saninka, kuma ka fahimci cewa ƙarya da gangan, ko ɓoye wani muhimmin bayani, na iya jawo tara ko ɗauri. Lura da maganar ɓoyewa. Ba sai ka ƙirƙiro zance ba, tsallake sunan da ka san ka taɓa amfani da shi ma yana shiga ciki.

3. Wace doka ake tuhumar mutum da ita, kuma mene ne hukuncin?

Sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin tarayya, wato dokar da ta hana yi wa gwamnatin tarayya ƙarya. Hukuncinsa ɗauri har shekara 5, da tara da za ta iya kaiwa dala 250,000. In ƙaryar na da alaƙa da ta'addanci, ɗaurin na kaiwa shekara 8. Shari'ar a kotun tarayya ake yin ta, ba ta jiha ba, kuma babban laifi ne, ba irin na tikitin hanya ba.

Shekara 5 ɗin nan iyaka ce. Alƙali na duba tarihin mutum da girman abin da ya ɓoye, kuma wanda bai taɓa laifi ba yakan sami ƙasa da haka nesa ba kusa ba, wani lokaci ma talala ba tare da shiga gidan yari ba. Amma kada wannan ya sanyaya wa kowa zuciya. Sunan babban laifi na bin mutum, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba, abin da ke biyo baya ya fi ɗaurin kansa nauyi, kamar yadda za a gani a tambaya ta 9 da ta 16. Ko ba a kai ga kotu ba, TSA na da ikon hana katin ta kuma ci tarar kuɗi da kanta.

4. In kuskure na yi, shi ma laifi ne?

A'a. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa abin da ka faɗa ba gaskiya ba ne, ka san ba gaskiya ba ne, da gangan ka faɗa, kuma bayani ne da zai iya shafar hukuncin da hukuma za ta yanke. Wanda ya manta lambar gidan da ya zauna a bara, ko ya rubuta tsayinsa ba daidai ba, babu wanda zai ja shi kotu. Tun shari'ar Gaudin a 1995, Kotun Ƙoli ta ce batun ko ƙaryar na da muhimmanci, 'yan juri (mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a) ne ke yanke shi, ba alƙali shi kaɗai ba.

Abu biyu ne mutane ke ruɗuwa a kansu. Na farko, ba sai hukuma ta yarda da ƙaryar ba. Ko ta gano tun ranar farko ta hana katin, laifin ya riga ya tabbata. Na biyu, "na manta" ba ya karɓuwa a kowane wuri. Mutum zai iya manta adireshi, amma da wuya 'yan juri su yarda ya manta ya yi shekara 2 a gidan yari.

5. Sunana da ranar haihuwata sun bambanta a takarduna. Za a ɗauka ƙarya na yi?

Wannan ta fi shafarmu fiye da kowace. Mutum ɗaya ne Abubakar a takardar makaranta, Aboubacar a fasfon Nijar, Buba a bakin 'yan gida. Wani sunan mahaifinsa ne sunan ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan garinsu. Muhammad kuwa, rubutunsa ya fi a ƙirga. Ranar haihuwa ma haka: da yawa daga cikinmu ba a yi musu takarda ranar suna ba, sai daga baya aka je aka yi rantsuwar shekaru, aka zaɓi 1 ga Janairu don sauƙi.

Wannan bambanci shi kaɗai ba laifi ba ne. Abin yi shi ne ka bi sunan da ranar da ke kan takardunka na zama a Amurka, harafi da harafi, sannan ka rubuta sauran sunayen duka a gurbin sunayen da ka taɓa amfani da su. In aure ko kotu ce ta sauya sunan, tafi da takardar. Abin da zai iya faruwa shi ne jinkiri, ko a ce ka kawo ƙarin hujja.

Inda abin ke juyewa shi ne in an taɓa kama ka, ko an taɓa hana ka biza, da ɗaya sunan, sai ka ƙi ambatonsa don kada a haɗa ku. Nan bambancin rubutu ya koma ɓoyewa. Haka wanda ya san an rage masa shekaru da gangan lokacin neman biza: matsalarsa ta girmi katin TWIC, kuma ya kamata ya ga lauyan shige da fice kafin ya cika kowace sabuwar takarda ta gwamnati.

6. Na taɓa shiga hannun hukuma. Kowane laifi ne ke hana katin?

Ko kaɗan. Kuma abin takaicin ke nan, don akwai masu yin ƙarya kan abin da ba zai hana su komai ba. Galibi manyan laifuffuka ake dubawa, su ma waɗanda aka lissafa. Ƙaramin laifi ba ya ciki. Tuƙi cikin maye ba ya ciki. Kama mutum da ƙwaya ta amfanin kansa ba ta ciki, sayarwa ko shigo da ita ce ke ciki.

Jerin kashi biyu ne. Kashi na farko na hanawa har abada: leƙen asiri, tunzura tawaye, cin amanar ƙasa, ta'addanci, kisan kai, harkar abubuwan fashewa ba bisa ƙa'ida ba, barazanar dasa bam, safarar kaya masu haɗari ba bisa doka ba, da laifin da ya jawo mummunar ɓarna a harkar sufuri. Kashi na biyu na ɗan lokaci ne: harkar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, fashi, garkuwa da mutane, fyaɗe, kai hari da niyyar kisa, sa wa wuri wuta, cin hanci, ƙwace ta hanyar barazana, fasa-ƙwauri, fataucin ƙwaya, laifin shige da fice, rashin gaskiya da zamba da satar shaidar wani, da shiga tashar ruwa ta hanyar yaudara. Waɗannan suna hanawa ne kawai in an yanke hukuncin cikin shekara 7 kafin neman katin, ko an sako mutum daga gidan yari cikin shekara 5.

To ga lissafin da ya kamata kowa ya yi. Wanda aka yanke wa hukuncin fashi shekara 6 da suka wuce, kuma ya daɗe da fitowa, saura shekara ɗaya ƙofa ta buɗe masa da kanta. In ya amsa "a'a" aka same shi da laifin ƙarya, ita kanta ƙaryar babban laifi ce ta rashin gaskiya, wadda ke cikin kashi na biyu. Agogon shekara 7 ya koma farko. Garin neman gira ya rasa ido.

7. Laifina na cikin jerin. Shi ke nan babu hanya?

Akwai hanya biyu, kuma ba ɗaya ba ne. Ɗaukaka ƙara na wanda yake cewa hukuma ta yi kuskure ne: ba ni ba ne, ko ƙaramin laifi ne, ko an yi watsi da tuhumar, ko shekarun sun wuce. Neman sassauci kuma na wanda yake cewa gaskiya ne na yi, amma ni ba barazana ba ne ga tsaro. In TSA ta ga abin da zai hana, takan aiko da wasiƙar farko ta rashin cancanta, kuma kwana 60 ne wa'adin amsa ta. Wanda ya yi shiru, wasiƙar ta zama hukunci.

Ana iya neman sassauci kan kusan dukkan laifuffukan, har da kisan kai. Huɗu ne ba a taɓawa: leƙen asiri, tunzura tawaye, cin amanar ƙasa da ta'addanci, haɗe da haɗin bakin aikata su. Hukuma na duba yadda laifin ya faru, ko an biya diyya, takardun kotu, da duk abin da ke nuna mutum ya gyaru, kamar wasiƙar mai gidan aiki, ta jami'in talala, ko ta limami ko shugaban al'umma da ya san shi. In an ƙi, ana iya neman alƙalin harkokin mulki ya sake duba. Hanyar na cin watanni, shi ya sa mai buƙatar fara aiki ranar Litinin ke ganin "a'a" ta fi sauƙi.

8. An kama ni amma ba a yanke mini hukunci ba, ko kuma an goge laifin. Me zan amsa?

Kamu dabam, hukunci dabam. In an kama ka aka yi watsi da tuhumar, ba a same ka da laifi ba. Sai dai sau da yawa rumbun bayanai na nuna kamun ba ya nuna yadda shari'ar ta ƙare. In haka ta faru, TSA za ta rubuto, kai ne za ka kawo takardar kotu cikin kwana 60. Ya fi kyau ka karɓo ta daga akawun kotu tun kafin ka je rajista. In kuwa tuhumar ɗaya daga manyan laifuffukan nan na kanka yanzu, ba ka cancanta sai ta ƙare.

Hukuncin da aka soke a ɗaukaka ƙara, ko aka yi wa afuwa, ko aka goge shi gaba ɗaya, ba a lissafa shi. Tarkon yana cikin kalmar "gogewa", don kowace jiha da tata dokar. Wata rufe fayil kawai take yi, wata ta bar wasu takunkumai a kan mutum, kuma a ma'aunin TSA irin wannan ba gogewa ba ce. Haka wanda ya ce wa kotu ba zai yi jayayya da tuhuma ba, ana ɗaukarsa wanda aka samu da laifi. Kada ka dogara da abin da ka tuna lauya ya faɗa maka a bakin kotu shekaru da suka wuce. Nemo takardar a karanta.

9. Ni ba ɗan ƙasa ba ne. In na ce ni ɗan Amurka ne don abin ya yi sauri fa?

A duk ƙaryar da ake yi a wannan takarda, babu wadda ta kai wannan illa. Da farko ma, ba sai ɗan ƙasa ba ne ke samun katin. Mai girin kad (katin izinin zama na dindindin) na samu, ɗan gudun hijira da wanda aka bai wa mafaka na samu, haka masu wasu bizojin aiki da ma'aikatan jiragen ruwa. Mai kariyar wucin gadi zai iya bi ta hanyar sassauci da aka yi bayani a tambaya ta 7. Bizar yawon buɗe ido ko ta ziyara ba ta isa ba.

Da'awar zama ɗan ƙasa da ƙarya laifi ne mai zaman kansa a sashe na 911, ɗaurinsa har shekara 3. Amma babban dukan a dokar shige da fice yake. Tun 30 ga Satumba 1996, wanda ya yi wannan da'awa don samun wani amfani a ƙarƙashin dokar tarayya ko ta jiha, ana iya korarsa daga ƙasar, kuma an rufe masa ƙofar samun zama na dindindin har abada. Ba a buƙatar kotun laifi ta same shi da laifi, tabbatar da ya faɗa ya isa. Auren 'yar ƙasa ba ya wanke shi, haihuwar 'ya'ya a Amurka ba ta wanke shi. Togaciyar da ke akwai ƙanƙanuwa ce: wanda iyayensa duka 'yan ƙasa ne, ya zauna a Amurka tun kafin ya kai shekara 16, kuma da gaske ya zaci shi ɗan ƙasa ne.

Mai girin kad da ya yi wannan, shi ya fi ban tausayi, don da gaskiyarsa ma da an ba shi katin.

10. Wani ɗan'uwa ya ce in yi amfani da takardunsa ko lambar soshiyal ɗinsa. Tunda ya yarda, akwai laifi?

Akwai, har da ƙari. Amfani da lambar soshiyal (lambar shaida da gwamnati ke bai wa mutum don aiki da haraji) ta ƙarya ko ta wani laifi ne da ke kai ɗaurin shekara 5. In kuma an yi amfani da shaidar wani mutum wajen aikata ƙaryar, akwai sashe na 1028A, wanda ya tilasta wa alƙali ƙara shekara 2 a kan duk hukuncin da ya yanke. Ba a haɗa su su tafi tare, kuma ba a maye su da talala. A shari'ar Flores-Figueroa ta 2009, Kotun Ƙoli ta ce sai an tabbatar mutum ya san lambar ta wani mutum ce na gaske. Wannan na taimaka wa wanda ya sayi lambar da bai san mai ita ba. Wanda ya ari ta ɗan'uwansa kuwa, ai ya san shi ciki da bai. Shi ma mai ba da aron ba ya tsira, don taimakawa da haɗin baki duk laifi ne.

Wani abin da mutane ba su sani ba: ba da lambar soshiyal a takardar TWIC ba dole ba ne. Rashin bayarwa na jawo jinkiri, har ma ya hana a kammala binciken, amma barin gurbi babu komai ba ƙarya ba ne. Cika shi da lambar wani ne ƙarya.

11. Ta yaya suke ganewa? Na ji an ce wasu sun samu da takardun bogi.

Gaskiya ne an taɓa samu. A 2011 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya ba da rahoton cewa jami'ansa na sirri sun karɓi katin da takardun jabu, sun kuma shiga tashoshi da katin bogi. Labarin nan ne har yau ke yawo a bakin mutane. Abin da ba a ƙarawa shi ne rahoton ya sa an matsa wa hukumar lamba ta ƙara tsanani.

Zanen yatsunka na zuwa rumbun hukumar binciken laifuffuka ta tarayya, wato FBI, wanda ba suna yake bi ba. In an taɓa ɗaukar yatsunka a ofishin 'yan sanda a wata jiha da wani suna, zai fito. Ana duba matsayin zamanka a rumbun ma'aikatar tsaron cikin gida, inda hotonka da yatsunka na lokacin biza suke, ana kuma gwada sunanka da jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci. Ban da na'ura, akwai mutane: abokin aiki da aka yi faɗa da shi, ko mai asalin lambar da ya ga ana binsa harajin aikin da bai yi ba.

12. Na riga na karɓi katin shekara 3 da suka wuce da bayanin da ba daidai ba. Maganar ta wuce?

Ba ta wuce ba. Gwamnati na da shekara 5 daga ranar da aka yi ƙaryar ta shigar da ƙara. Shekara 5 kuma shi ne daidai lokacin da katin ke ƙarewa, kuma a sabuntawa za a sake yi maka tambayoyin. In ka maimaita amsar, sabon laifi ne da sabon wa'adi. A ɓangaren shige da fice kuwa, wannan wa'adi ba ya aiki. Takardar neman zama ɗan ƙasa na tambaya ko ka taɓa bai wa jami'in gwamnati bayanin ƙarya, da ko ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne.

Kada ka ɗauki waya ka kira TSA ka yi bayani da kanka. Dokar ba ta ce wanda ya janye ƙarya ya wanku ba, kuma abin da ka faɗa zai zama hujja a kanka. Lauya ne zai auna ko a gyara, da yadda za a gyara. Ka kuma sani cewa mai kati na da wajibin miƙa shi cikin awa 24 in an same shi ko an tuhume shi da laifin da ke hanawa, ko ya rasa matsayin zamansa.

13. Katina na gaskiya ne. In na ara wa abokina ya ɗauko kwantena sau ɗaya fa?

Ku duka kun shiga. Sashe na 499 ya hana barin wani ya yi amfani da takardar izinin shiga ta gwamnati da aka ba ka kai kaɗai, ɗaurinsa har shekara 5. Shi kuma abokin, shiga keɓaɓɓen wurin tashar ruwa da yaudara ɗaurin wata 6 ne, ko shekara 10 in da niyyar aikata babban laifi ya shiga. In katinka ya ɓata ko an sace, sanar da TSA nan take a sa shi cikin jerin katunan da aka soke. Sake yin katin da ya ɓata dala 60 ne.

14. Jami'ai sun zo wurin aiki ko gida suna son "mu ɗan tattauna". Me zan yi?

Ka gaishe su da mutunci, ka karɓi katin sunansu, ka ce lauyanka zai neme su. Kana da haƙƙin yin shiru, ɗan ƙasa ne kai ko ba ɗan ƙasa ba. Abin da ba ka da shi shi ne haƙƙin musantawa da ƙarya. A shari'ar Brogan ta 1998, jami'ai sun je gidan wani mai muƙami a ƙungiyar ma'aikata suka tambaye shi ko ya karɓi kuɗi daga wani kamfani, ya ce a'a. Kotun Ƙoli ta ce wannan "a'a" ɗin kaɗai ta isa laifi a sashe na 1001, ko da ba a rantsar da shi ba.

Tarbiyyarmu ba ta son a bar baƙo ko babba ba amsa, sai mutum ya ga shiru kamar raini ne. A nan ba raini ba ne. Jami'in da ya zo da tambaya, galibi amsar na cikin fayil ɗin da ke hannunsa. In Turancinka bai zauna ba, ka nemi tafinta, kuma kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba.

15. Ba ni na cika takardar ba, wani ne ya cika mini. Laifin wa ne?

In da gaske ba ka san abin da ya rubuta ba, wannan kariya ce, don sani sharaɗi ne, kamar yadda ya zo a tambaya ta 4. Amma tabbatar da ita na da wuya, tunda kai ne ka je cibiyar da ƙafarka, aka nuna maka bayanan, ka sa hannu. Mai cika wa mutane takarda don kuɗi, wanda ke cewa "kowa a'a yake sawa", shi ma ana iya tuhumarsa. Hakan ba ya sauke naka.

16. Mai gabatar da ƙara ya ce in na amsa laifi ba zan shiga gidan yari ba. In karɓa?

Kada ka amsa sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba. Yawancin shari'un tarayya da sasantawa suke ƙarewa, kuma tayin talala na da daɗin ji. Amma laifin da ke da zamba a cikinsa na iya sa a kori mai girin kad, musamman in ya faru cikin shekara 5 da shigowarsa, ko da bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Wane sashe ka amsa, da kalmomin da aka rubuta a takardar amsa laifin, su ne za su yi magana a gaban alƙalin shige da fice.

A shari'ar Padilla ta 2010, wani direban babbar mota ne da ya haura shekara 40 yana zaune a Amurka da izini, lauyansa ya ce masa kada ya damu da batun kora, ya amsa laifin safarar wiwi. Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda yake karewa haɗarin kora kafin ya amsa. Don haka ka tambaya kai tsaye, ka nemi amsar a rubuce. A kotun laifi, wanda ba shi da hali gwamnati na ba shi lauya kyauta. A kotun shige da fice babu wannan, kai za ka nema.

17. Kafin katin ya fito, ko in ban cancanta ba, zan iya aiki a tashar?

Dokar ta yarda marar kati ya shiga keɓaɓɓen wuri in mai kati da tashar ta amince da shi ya raka shi. Kowace tasha da tsarinta, wasu na da kamfanonin rakiya da ake biya, wasu ba sa yarda da direba marar kati sam, don haka a tambayi ofishin tsaron tashar tun kafin a tayar da mota. Akwai kuma aikin da ba ya shiga ciki: ɗaukar kaya daga sito zuwa sito, ko daga filin ajiyar kwantena da ke wajen shinge. Wanda saura 'yan watanni shekarunsa 7 su cika, ko yake jiran amsar sassauci, zai iya riƙe irin wannan aiki har lokacin ya yi. Direban da ke da izinin ɗaukar kaya masu haɗari a lasisinsa kuma, tunda an riga an yi masa bincike iri ɗaya, yana samun ragin kuɗin katin, sai ya tafi cibiyar da lasisin a hannu.